Daga Kasuwa Zuwa Gidan Gwamnati: Nazari a Kan Rayuwar Siyasar Attahiru Bafarawa

Idan aka duba jerin mutanen da aka zaɓa su mulki Sakkwato a ƙarƙashin farar hula tun daga 1979, za a ga mafi yawansu sun fito ne daga aikin gwamnati ko koyarwa ko aikin lauya. Alhaji Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, Garkuwan Sakkwato, wanda ya riƙe jihar daga 29 ga Mayu 1999 zuwa 29 ga Mayu 2007, shi ne ya fita daban a cikinsu, domin ba ta ofis ko ta bariki ya biyo ba. Ɗan kasuwa ne da ya tara dukiya da jama'a kafin ya nemi kujerar. Abin da wannan nazari yake son nunawa shi ne, tarbiyyar kasuwa ita ce ta ba shi nasarorin da har abokan hamayyarsa ba sa musun su, kuma ita ce dai ta jawo masa asarar da ya shafe kusan shekaru ashirin yana ƙoƙarin mayarwa bai samu ba. Ina ganin lamarin ya cancanci a tsaya a kansa, saboda har gobe attajirai suna shigowa siyasar jihohinmu da alkawarin cewa za su tafiyar da gwamnati kamar yadda suke tafiyar da harkokinsu, kuma jama'a suna karɓar alkawarin ba tare da tambayar inda yake aiki da inda ba ya aiki ba.

An haife shi a 1954 a garin Bafarawa da ke ƙaramar hukumar Isa, a gabashin jihar. Yanki ne na noma da kiwo da fatauci, wanda yake maƙwabtaka da Shinkafi ta jihar Zamfara a yau, da kuma Sabon Birni ta ƙasar Gobir, ba shi da nisa kuma da iyakar Nijar. Mutumin da ya tashi a wannan yanki yana buɗe ido ne ya ga zirga-zirgar hatsi da dabbobi da fatu da albasa tsakanin manyan kasuwanni irin su Shinkafi da Illela, da tsakanin Nijeriya da Nijar. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun kafin zuwan Turawa, kuma dillalanta sun daɗe da sanin yadda ake hulɗa da masu saye daga nesa. A irin wannan wuri, arziki yana hannun wanda ya san farashin gari biyu a lokaci guda, ya kuma san hanyar da mota za ta bi ta isa kafin kaya su lalace.

Yana da kyau a fahimci yadda babban ɗan kasuwa na ƙasar Hausa yake tafiyar da gidansa, domin nan ne asalin maganar. Da safe bayan an dawo daga masallaci, maigida yakan zauna a zaure ko a ƙofar shago, yaransa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya dawo daga kasuwar ƙauye zai ba da lissafin buhu nawa ya saya da nawa ya biya 'yan dako, wancan zai karɓi kuɗin da zai tafi da su kudu, wani kuma ya zo ne da buƙatar sunan ɗansa ko rashin lafiyar mahaifiyarsa. Ba a cika rubuta yarjejeniya ba, amana ce ke riƙe komai, kuma maigida yana ɗauke da lissafin a kansa, ya san wanda ya ci bashi da wanda ya biya. Yaron da ya nuna gaskiya za a yi masa aure a ba shi jari, wanda ya ci amana kuma a sallame shi ba tare da doguwar magana ba. Tsari ne mai sauri, mai tsimi, wanda ba ya ɓata kuɗi a kan takardu da tarurruka. Sai dai tsari ne da ya rataya kacokan a wuyan mutum ɗaya, babu wanda yake da hurumin ce wa maigida ya kawo nasa lissafin, kuma babu wani matsayi a cikinsa da ake kira abokin mulki.

Bafarawa bai jira ya tsufa a kasuwa ba kafin ya leƙa siyasa. Lokacin da aka yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi a 1976 ya zama kansila a Isa. A 1979 ya nemi kujerar Majalisar Wakilai a jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, wanda shi ma attajiri ne da ya shahara da taken siyasa ba da gaba ba. Tsayawa a GNPP a Sakkwato ta wancan lokaci ba ƙaramin hali ba ne, domin jihar gidan Alhaji Shehu Shagari ce, jam'iyyarsa ta NPN kuma ta mamaye sarauta da manyan ma'aikata. Bai ci zaɓen ba. Ya koma harkokinsa, amma bai rabu da siyasa ba, har ya zama wakili a Taron Tsara Kundin Mulki na 1994 zuwa 1995 a zamanin Janar Sani Abacha, inda ya ƙulla sanayya da 'yan siyasa daga sassan ƙasar nan. Daga nan ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar UNCP, sa'an nan jam'iyyar APP a 1998 bayan rasuwar Abacha.

Yanayin da aka shiga zaɓen 1999 ya dace da mutum irinsa. Shirin miƙa mulki na Janar Abdulsalami Abubakar gajere ne ƙwarai, bai kai shekara guda ba, kuma jam'iyyun sababbi ne da ba su da asusu ko ofisoshi na kirki. Duk wanda yake da motoci, da kuɗin da zai iya fitarwa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, da mutanen da suka daɗe suna cin arzikinsa a ƙauyuka, ya riga ya yi wa abokan takara nisa. Jihar ma ta riga ta ƙanƙance, an cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, aka bar ƙananan hukumomi 23, abin da ya sa mutumin gabashin jihar ya samu nauyin da ba shi da shi a tsohuwar Sakkwato. A zaɓen Janairun 1999 ya doke ɗan takarar PDP, da Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko a matsayin mataimakinsa. Haɗin ya yi kyau a takarda: attajiri daga gabas, da gogaggen ma'aikaci daga kewayen birni wanda ya yi koyarwa, ya yi karatu a Amurka, ya kuma san ciki da wajen aikin ƙananan hukumomi.

Abin da aka fi tunawa da gwamnatinsa a kai shi ne hanyoyi, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san inda ya fito. Ma'aikacin da ya girma a ofis yana iya ɗaukar hanya a matsayin layi ɗaya a cikin kasafin kuɗi, amma ɗan kasuwa ya san ta da jikinsa. Ya san yadda babbar mota ɗauke da albasa take kafewa a laka a tsakiyar damina, direba da yaran mota su kwana biyu suna haƙa suna cusa itace ƙarƙashin taya, kayan kuma suna ruɓewa a cikin buhu. Ya san manomin da yake karyar da hatsinsa a ƙauye saboda kuɗin kai shi kasuwa ya kusa cinye ribar, da mai naƙuda da ake ɗorawa a amalanke saboda babu motar da za ta shiga garin. Gwamnatin Bafarawa ta zuba kuɗi sosai wajen shimfiɗa kwalta a cikin birnin Sakkwato da kuma hanyoyin da suka haɗa garuruwan karkara da manyan tituna, kuma mutanen da suka saba yin rabin yini a tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sun ga bambanci a cikin 'yan shekaru. A ganina wannan shi ne aikin da ya fi kowane amfani ga talakan jihar a wancan zango, domin a ƙasar da mafi yawan mutane manoma ne da makiyaya, hanya ita ce take mayar da amfanin gona kuɗi.

Akwai kuma rukunin gidajen da har yau ake kira da sunansa a cikin birni, da cibiyar nazarin Alƙur'ani da sauran ilmomi da ya gina, wadda daga baya aka mayar da ita zuwa sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Dukkansu abubuwa ne da ake iya gani, a auna tsawonsu, a ƙirga ɗakunansu, a san nawa aka biya ɗan kwangila da abin da ya kawo. Nan ne gwanintar ɗan kasuwa take fitowa fili, domin kwangila ciniki ce, wanda ya saba taya kaya kuma ba a cika yi masa tsada ba. Shi kansa yana yawan faɗa cewa bai ci bashi ba a tsawon mulkinsa, ya kuma bar biliyoyin naira a asusun jiha lokacin da ya sauka, maganar da gwamnatin da ta gaje shi ta musanta, aka daɗe ana ja-in-ja a kanta. Ko ma wane ne yake da gaskiya a kan adadin, yadda yake alfahari da ragowar kuɗi ya nuna ma'aunin da yake auna kansa da shi, wato na wanda ya rufe littafi da riba. Adalci kuma ya sa a ambaci cewa zamaninsa ya dace da hauhawar farashin ɗanyen mai, daga ƙasa da dala 20 kowace ganga a farkon 1999 zuwa sama da dala 60 a 2006, saboda haka kason da jihohi suke samu daga Abuja ya yi ta ƙaruwa, Sakkwato kuma jiha ce da kusan duk abin da take kashewa daga can yake zuwa.

Inda wannan ma'auni yake gazawa shi ne ɓangaren da ba a ganin ribarsa a cikin wa'adin gwamna ɗaya. Ana iya gina aji a cikin wata uku, amma samar da malamin da zai tsaya a ƙauye yana koyarwa, da shawo kan uban da yake ganin tura 'yarsa makaranta asara ce, da tabbatar da cewa asibitin karkara yana da ungozoma da magani duk shekara, ayyuka ne na haƙuri da tsari waɗanda suke buƙatar ma'aikatu masu ƙarfi da za su ci gaba da aiki ko gwamna yana kallo ko ba ya kallo. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sanya Sakkwato a kan gaba wajen talauci da kashi 87.73 cikin ɗari, wani rahoton hukumar na 2022 da ya haɗa da ilimi da lafiya ya sake sanya ta a wannan matsayi. Ba daidai ba ne a ɗora wa Bafarawa shi kaɗai wannan nauyi, domin gwamnoni biyu sun biyo bayansa kafin a fitar da alƙaluman, matsalar kuma ta girme shi. Duk da haka shekaru takwas na farkon dawowar dimokuraɗiyya su ne lokacin da ya fi dacewa a aza harsashin ilimin firamare da kiwon lafiya a matakin farko, kuma yaran da ya kamata su shiga aji ɗaya a 1999 su ne magidantan yau. Wannan abu ne da yake damuna duk lokacin da na ji ana lissafa nasarorin gwamnoninmu da kilomita kawai.

A batun shari'ar Musulunci, Sakkwato ta bi sahun Zamfara a shekarar 2000, ba tare da irin gangamin da aka yi a Gusau ba. Shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa a 2001 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jihar ta sallame ta a Maris 2002, ta jawo idon duniya kan jihar na tsawon watanni, kuma a ƙarshe cikin tsarin kotunan shari'ar aka warware ta.

Tun kafin ya kammala zangon farko, idonsa ya riga ya koma kan siyasar ƙasa. Shi ne ya riƙe shugabancin riƙon ƙwarya na jam'iyyarsu, wadda ta koma ANPP, a lokacin da ake shirin babban taron Janairun 2003 a Abuja, taron da ya tsayar da Janar Muhammadu Buhari takarar shugaban ƙasa karo na farko bayan wasu masu neman tikitin daga kudu sun fice cikin fushi. A Afrilun wannan shekara ya sake cin zaɓen gwamna. A wannan lokaci yana cikin gwamnonin adawa da ake jin muryarsu, kuma a cikin gida babu wanda yake iya ja da shi a fili.

Rikicinsa da mataimakinsa shi ne tsakiyar wannan nazari, domin a nan ne tarbiyyar kasuwa ta ci karo da abin da ba ta tanada ba. A tsarin mulki, mataimakin gwamna zaɓaɓɓe ne, ƙuri'a ɗaya ce ta kawo shi tare da gwamna, kuma ba a sallamarsa sai ta hannun majalisa. Wamakko kuma ba mutum ne da ya zo hannu rabbana ba. Yana da nasa jama'a, musamman a cikin birni da kewayensa, gidansa a buɗe yake ga matasa da masu ƙaramin ƙarfi, ya kuma san shugabannin ƙananan hukumomi da ma'aikatansu tun kafin siyasa ta haɗa su. Yayin da wa'adin gwamna yake ƙaratowa, tambayar wanda zai gaje shi ta taso, ya bayyana kuma cewa gwamna ba ya son mataimakin nasa ya hau. Dangantaka ta yi tsami har majalisar dokoki ta fara shirin tsigewa, Wamakko ya ajiye muƙaminsa a Maris 2006.

Ba na ganin za a fahimci wannan mataki idan aka tsaya ga cewa saɓani ne na mutum biyu. Maigidan da ya saba zaɓar wanda zai ba jari yana ɗaukar zaɓar magaji a matsayin haƙƙinsa, yaron da ya nuna yana so ba tare da an ba shi ba kuma ya zama mai neman wuce gona da iri. Jiha kuwa ba shago ba ce da maigida zai miƙa makullinta ga wanda ya ga dama. Jama'ar da suka ga an matsa wa Wamakko sun tausaya masa, tausayi kuma a siyasar Sakkwato ƙuri'a ne. Kiran "Sai Alu", wato Wamakko, da ya cika tashoshin mota da majalisun shayi a 2006 da 2007 bai samo ƙarfinsa daga wani shiri na raya ƙasa ba, ya samo shi ne daga jin da mutane suka yi cewa an so a yanke musu hukunci ba tare da an tambaye su ba. Akwai kuma ƙorafin da ake yi wa gwamna na riƙe hannu, wanda masoyansa suke kira tattali, 'yan siyasar da suka yi masa wahala kuma suke kira rowa. Halin da ya ba shi damar gina hanyoyi ba tare da bashi ba shi ne ya rage masa masu tsaya masa ranar da ya buƙace su.

Ana cikin wannan dambarwa ne jihar ta shiga babban makoki. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu tare da ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Sanata Sule Yari Gandi, da mataimakin gwamnan da ya maye gurbin Wamakko, da wasu da dama daga cikin manyan jihar. Nauyin amincewa da sabon sarki ya faɗo kan gwamna, a kujerar da rikicin gadonta ya taɓa jawo asarar rayuka a 1988. A cikin 'yan kwanaki aka sanar da naɗin Muhammadu Sa'ad Abubakar, hafsan soja kuma ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, gari kuma ya karɓe shi lafiya. Wannan yana cikin abubuwan da ya kamata a rubuta wa Bafarawa a ɓangaren alheri, domin saurin yanke shawara da aka san shi da shi ya hana a samu giɓin da masu neman fitina za su shiga.

A fagen siyasa kuwa ya ɗauki matakin da ya fi kowane tsada a rayuwarsa. Ya bar ANPP ya kafa sabuwar jam'iyya, DPP, wadda Janar Jeremiah Useni ya shugabanta, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a cikinta, ya kuma tsayar da tsohon sakataren gwamnatinsa, Alhaji Muhammadu Maigari Dingyaɗi, takarar gwamna. Wamakko ya samu tikitin ANPP, daga baya ya koma PDP, inda aka shawo kan Alhaji Mukhtar Shagari, wanda ya riga ya ci zaɓen fidda gwani, ya zama mataimakinsa. Haka aka wayi gari gwamna mai ci yana fuskantar tsohon mataimakinsa da ƙarfin gwamnatin tarayya a bayansa, shi kuma yana riƙe da jam'iyyar da ba ta da rassa masu ƙarfi a wajen jiharsa. A zaɓen Afrilun 2007 ya zo na biyar a takarar shugaban ƙasa da ƙuri'un da ba su kai 300,000 ba, aka kuma bayyana Wamakko a matsayin wanda ya ci gwamna. Gaskiya ne zaɓen 2007 ya sha suka daga masu sa ido na gida da waje, har shi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amince akwai kurakurai a cikinsa, amma wannan bai canza gaskiyar cewa kafa jam'iyya ta ƙasa ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya ba.

DPP ta garzaya kotu, a Afrilun 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen gwamnan saboda matsalar yadda aka tsayar da ɗan takarar PDP, shugaban majalisar dokoki Abdullahi Balarabe Salame ya riƙe jihar na ɗan lokaci, aka sake zaɓe a watan Mayu, Wamakko ya sake ci. Shari'ar da ta biyo bayan wannan ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi girgiza ɓangaren shari'a a Nijeriya, domin a kanta ne shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Mai Shari'a Ayo Salami, ya zargi Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu da neman sa baki, rikicin da ya ƙare da dakatar da Salami a 2011. Dingyaɗi bai samu kujerar ba, daga baya ma ya haɗe da ɓangaren Wamakko a APC, ya zama ministan harkokin 'yan sanda a 2019.

Da rigar kariyar da sashe na 308 na kundin tsarin mulki yake ba gwamna ta faɗi, tuhuma ta biyo baya. A ƙarshen 2009 hukumar EFCC ta gurfanar da shi tare da wasu a Babbar Kotun Jihar Sakkwato bisa zargin almundahanar kuɗin da aka ce sun kai naira biliyan 15. Ya musanta, shari'ar ta yi ta jan ƙafa kusan shekaru tara, a Yulin 2018 kotu ta sallame shi ta kuma wanke shi. A 2015 an sake gurfanar da shi a Abuja tare da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, da kamfanin shi Bafarawa na Dalhatu Investment, a kan kuɗin da aka ce sun fito daga ofishin tsaron ƙasa gabanin zaɓen 2015, nan ma ya musanta laifin. Abin lura ga mai nazari shi ne yadda attajirin da ya shiga gwamnati yake rasa katangar da ta raba dukiyarsa da ta jama'a a idon mutane. Ko da kotu ta wanke shi, shekarun da ya yi yana hawa da sauka a matakalar kotu ba sa dawowa, kuma shari'ar da take ɗaukar shekaru tara tana cutar da wanda ake tuhuma da jama'ar da suke jiran sanin gaskiya gaba ɗaya.

Sauran tafiyar tasa ta zama ta sauya sheƙa, kusan kullum da Wamakko a ɗaya gefen. Ya shiga jam'iyyar ACN ya nemi tikitin shugaban ƙasa na 2011, wanda Malam Nuhu Ribaɗu ya samu. Yana cikin waɗanda suka shiga haɗakar da ta haifi APC a 2013, amma da Gwamna Wamakko ya shigo jam'iyyar a ƙarshen shekarar aka kuma miƙa masa ragamarta a jihar, sai ya fice zuwa PDP a farkon 2014, kamar yadda Malam Ibrahim Shekarau ya yi a Kano saboda irin wannan dalili. A babban taron PDP na Fatakwal a Oktoban 2018 ya sake neman tikiti ya samu ƙuri'a 48, Atiku Abubakar ya lashe. Duk da haka nauyinsa a cikin jiha bai gushe ba. A 2019 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya rabu da Wamakko ya koma PDP, ya tsira ne da tazarar ƙuri'a 342 kacal bayan zaɓen cike giɓi, a irin wannan tazara kuwa goyon bayan Garkuwa a gabashin jihar ba ƙaramin abu ba ne. A 2023 ɗansa Sagir ya tsaya mataimakin ɗan takarar gwamna na PDP, Alhaji Ahmad Aliyu na ɓangaren Wamakko ya yi nasara. A Janairun 2025 Bafarawa ya sanar da ficewarsa daga PDP, yana mai cewa zai mayar da hankali kan tallafa wa matasan Arewa.

Yankin da ya fito shi ne a yau ya fi kowane shan wahalar 'yan bindiga a jihar. Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah sun ga kisa da satar mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji, an kai hari kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, an ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar wannan shekara, a 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Bafarawa yana cikin dattawan da suka fi ɗaga murya a kan wannan bala'i a kafafen labarai. Ba za a ce gwamnan da ya sauka a 2007 shi ya haifar da matsalar da ta ɓarke shekaru bayan saukarsa ba, balle ma 'yan sanda da soja suna hannun gwamnatin tarayya. Amma rikicin gonaki da burtali, da rashin makarantu a rugage, da raunin ƙananan hukumomin da kuɗinsu yake bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, duk suna nan tun zamaninsa, kuma babu gwamnatin da ta ɗauke su da muhimmancin da ta ɗauki kwangila, tasa da waɗanda suka biyo baya. Manoman Isa da Sabon Birni da yawa sun bar gonakinsu sun koma gudun hijira a cikin birnin Sakkwato ko sun tsallaka yankin Maraɗi a Nijar, motocin haya kuma a wasu hanyoyin gabashin jihar ba sa tashi sai da rakiyar jami'an tsaro.